Kafin a zuba irin arnika a lambu

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu lambu.

Tun shigowar sanyin nan samarin garinmu ke nuna wa juna hoton wani fure mai ruwan ɗorawa a waya. Wai sunansa arnika, wai sau ɗaya ake shuka shi ya yi ta fitowa duk shekara, wai Turawa na sayensa da tsada. Har ɗan ƙanena ya tura kuɗi, an aiko masa da iri a 'yar leda.

Batun daɗewar gaskiya ne, amma a ƙasarsa. Tsiron duwatsun Turai ne, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. Ganyen ya mutu da sanyi, saiwar ta kwanta, sai gari ya sassauta ta sake tohowa. Ƙasa mai tsami yake so, marar ƙarfi, ba ya jure taki da yawa, ba ya son ruwa ya kwanta masa. Ko a can shekarar farko ganye kawai yake shimfiɗawa a ƙasa, fure sai shekara ta zagayo. A Jamus ma doka ce ke kare shi a daji don ya yi ƙaranci. To mu nan da Afrilu in zafi ya haura digiri 40, tumatir da ya saba da mu ma zubar da fure yake, balle baƙo daga ƙasar ƙanƙara.

Asarar kuɗin iri ƙaramar magana ce. Mu da mun ji an ce ganye magani ne, sai tukunya: a dafa, a tace, a ba yaro har da mai ciki. Arnika guba ce in ta shiga ciki, tana sa amai, ciwon ciki da bugun zuciya. Man shafawa ake yi da ita don kumburi da targaɗe, shi ɗin ma ba a sa shi a buɗaɗɗen ciwo.

Mai neman abin da zai shuka ya huta, ga lalle a shinge, ga shuwaka a bakin magudana, ga zogale. Reshe kawai za ka sara ka kafa da damina, in ya miƙe ka datse kansa daidai ƙirji don ya yi rassa, ka kare shi daga awaki.

Ina roƙon malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta Jihar Kano, su ɗauko wannan magana a rediyo, tun kafin a fara ƙulla busasshen furen ana tallarsa ranar kasuwa.

Naka,
Wani mai lambu daga Kura, Jihar Kano