Binciken Sashen Kulawa Ta Musamman Ya Cancanci A Waye Wa Jama'a Kai A Kansa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan binciken da ake yi game da majinyatan da ke kwance rai a hannun Allah a sashen kulawa ta musamman na asibiti, inda ake kwantar da waɗanda ciwonsu ya fi tsanani.

Abin da ke halaka da yawa daga cikinsu shi ne gazawar sassan jiki ɗaya bayan ɗaya. Idan ƙwayoyin cuta suka yi ƙarfi har garkuwar jiki ta wuce gona da iri wajen yaƙarsu, sai ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙoda ta rasa isasshen jini, huhu ya tara ruwa, hanta ma ta biyo baya. Shi ya sa za ka ga ma'aikaciyar jinya tana sunkuyawa kowace awa ta duba jakar fitsari ta rubuta adadinsa, domin raguwarsa na cikin alamun farko na cewa ƙoda ta fara gajiya. An kiyasta cewa wannan lalura, wadda likitoci ke kira sefsis, ta ci rayuka miliyan 11 a 2017, kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda bincike ya sha nuna cewa dabarar da likitoci suka amince da ita da zuciya ɗaya tana iya cutarwa. A 2000, wani gwaji a Amurka kan majinyata 861 masu mummunan ciwon huhu ya gano cewa idan aka rage iskar da na'urar numfashi ke hurawa a kowane numfashi daga mililita 12 zuwa 6 ga kowane kilo na nauyin jiki, mace-mace na sauka daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa 31, saboda iska mai yawa tana miƙe huhun da ya riga ya jikkata. Haka kuma a 2011, wani gwaji mai suna FEAST da aka yi kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Uganda da Kenya da Tanzaniya ya nuna cewa ƙarin ruwa da sauri ta jijiya, wanda aka ɗauka ceto ne, ya ƙara yawan masu mutuwa cikin awa 48. Babu likitan da zai gane haka da idonsa a bakin gado, komai ƙwarewarsa.

Don haka ina kira ga asibitocin koyarwa su riƙa adana bayanan majinyatansu da kyau, su kuma gwada dabarun jinya a yanayin da suke aiki. Iyalai kuma, idan an nemi izininsu a sa ɗan'uwansu cikin bincike, su nemi cikakken bayani cikin harshen da suke ji kafin su yanke shawara, domin haƙƙinsu ne su amince ko su ƙi.

Wassalam,
Naka mai karatu a kullum.