Wasiƙa kan zoɓo, hanji da lafiyar zuciya

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka game da hawan jinin da likita ya tabbatar maka, da kuma tambayarka kan ko ya dace ka sayi kafson da ake tallatawa da sunan an tatso shi daga tsirrai. Allah ya ƙara sauƙi.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, yawancin sinadaran da ke ba zoɓo, jar dawa da rumman launi ko bauri, waɗanda ake kira polifenol, ba sa shiga jini kai tsaye. Sai sun gangara babban hanji, bakteriyar da ke zaune a can ta farfasa su, sannan jiki ya tsotse abin da ta samar. Shi ya sa mutum biyu za su sha rumman iri ɗaya, hanjin ɗaya ya samar da urolitin, wani sinadari da ake ganin yana da amfani ga jiki, na ɗayan kuwa ya kasa. Haka dusar gero da ɓawon wake, waɗanda muke surfewa mu zubar, su ne abincin da bakteriyar ke mayarwa butiret, wanda ke ciyar da bangon hanji kuma yake rage kumburi.

Wannan bakteriya dai tana iya jawo illa. A 2011 Stanley Hazen da abokan aikinsa a Cleveland ta Amurka sun nuna cewa tana sarrafa sinadarin kolin da ke cikin abinci irin su ƙwai da nama, hanta kuma ta ƙarasa shi zuwa wani sinadari mai suna TMAO, wanda yawansa a jini ke tafiya tare da toshewar jijiyoyin zuciya. A 2013 suka gano haka game da karnitin na jan nama, suka kuma lura cewa waɗanda suka daɗe ba sa cin nama TMAO ɗan kaɗan suke samarwa ko an ba su karnitin ɗin.

Game da zoɓo, a wani gwaji na Jami'ar Tufts da aka wallafa a 2010, masu shan kofi uku kullum tsawon mako shida sun samu raguwar kusan maki 7 a lambar sama ta awon hawan jini. Ragi ne mai amfani, amma bai kai a ajiye magani ba, kuma sukarin da muke zambaɗa masa yana rage alfanunsa.

A ganina, kuɗin kafson nan gara ka kashe su a kan wake, zogale, kuka da geron da ba a surfe ba. Ka kuma sanar da likitanka kafin ka lazimci zoɓo, domin yana iya haɗuwa da maganinka ya saukar da jinin fiye da kima.

Ka gaishe mini da mutanen gida. Wassalam.

Naka amini.