Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne a kan dattawan da suka gina Tsangayar Kimiyyar Harhaɗa Magunguna ta wannan jami'a, musamman Farfesa Gabriel Osuide, wanda ya jagoranci wannan fanni a Zariya tun yana ɗan ƙaramin sashe har ya tsaya da ƙafafunsa.

Aikin shugaban tsangaya aiki ne da ba a cika ganinsa ba, domin mafi yawansa yana ƙarewa ne a zaman tsara manhaja, da neman kuɗin sayen kayan ɗakin gwaje-gwaje, da tura ƙananan malamai ƙaro ilimi tare da lallashinsu su dawo gida idan sun kammala. Wanda ya shafe shekaru yana wannan ɗawainiya, hannunsa yana cikin aikin kowane masanin magunguna da tsangayar ta yaye, ko yana asibiti a Kano ko yana kamfanin magani a Legas. Ƙasa ma ta ci moriyar wannan gogewa. A 1990 gurɓataccen maganin zazzaɓi na ruwa ya kashe yara fiye da 100 a Najeriya, kuma bayan wannan musiba aka kafa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC, da doka ta 15 ta shekarar 1993, aka ɗora wa Farfesa Osuide nauyin zama shugabanta na farko. Jama'a sun fi sanin marigayiya Dora Akunyili, wadda ta karɓi ragamar hukumar a 2001 ta yaƙi masu jabun magunguna da jarumta, kuma ta cancanci yabon da ake mata, amma ginin da ta tarar, malamin da ya fito daga Zariya ne ya aza harsashinsa.

Roƙona shi ne jami'a ta sa a zauna da tsofaffin malaman tsangayar da suka yi ritaya, a naɗi bayanansu, a tattara takardu da hotunan farkon kafuwarta, sannan a wallafa su da Turanci da Hausa. Lamarin na gaggawa ne, saboda mutanen da suka ga farkon abin shekaru sun ja musu. Yanzu da ake karatun digirin dakta a fannin harhaɗa magunguna, wato Pharm.D, na shekara 6, ya kamata ɗalibin da ya shigo ajin farko ya san yadda aka fara koyar da wannan ilimi a Arewa da kuma waɗanda suka sha wahalarsa.

Ina kuma roƙon a ware kwafin littafin ga sauran tsangayoyin harhaɗa magunguna na Kano da Sakkwato da Maiduguri, domin da yawa daga cikin malamansu a Samaru suka yi karatu.

Allah ya taimaki shugaba, ya yi maka jagora.

Naka mai biyayya,
Wani mai kishin wannan fanni