Wasiƙa zuwa Kumasi: yara da giraf ɗin gudu

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya Kumasi, ya damina? Saƙonka ya iso, na ji an ɗora maka Fiziks a ajin farko na babbar sakandare, kuma ka iso babin motsi yara sun tsaya cak. Tunda jarrabawar WAEC ce ke jiran naka da nawa, bari in faɗa maka yadda nake fama da su a nan.

Haddar lissafin ba ta ba su wuya. Ka ce v = u + at, wato gudun ƙarshe shi ne gudun farko a haɗa da ƙaruwar gudu sau lokaci, za su rera maka kamar karatun allo. Inda gizo ke saƙar shi ne giraf. Yaro yana kallon layin ne a matsayin hoton hanya: in ya hau sai ya ce mota na hawan tudu, in ya sauko ya ce gangare ce. In kuwa layin gudu da lokaci ya miƙe a kwance, rabin aji za su rantse maka motar ta tsaya, alhali tafiya take, malejinta ne kawai bai motsa ba.

Shi ya sa ban fara da alli. Mai adaidaita sahu nake kawo musu a baki, don kowa ya san jijjigar da ake ji idan ya murɗa totur ko ya taka birki. Ya tashi daga tsaye, cikin sakan 5 ya kai mita 10 a sakan, wato kilomita 36 a awa. Ya riƙe haka sakan 20, sai fasinja ta ce "akwai", ya tsaya cikin sakan 4. Su da kansu za su zana. Karkatar layin farko ta ba su ƙaruwar gudu 2, wato kowane sakan gudun na ƙaruwa da mita 2 a sakan, ta ƙarshe ta ba su raguwa 2.5, filin da ke ƙarƙashin layin kuma shi ne nisan: 25 da 200 da 20, mita 245. Daga nan sai in sa su zana giraf ɗin nisa da lokaci na wannan tafiyar a gefe. Nan ake yin gardamar da nake so, domin inda wancan ya kwanta, wannan hawa yake.

Kar rashin kayan gwaji ya dame ka. Galileo ma, masanin kimiyyar nan na Italiya, katako mai kwari da ƙwallo ya yi amfani da su, ya gano cewa a lokuta daidai nisan yana tafiya 1, 3, 5, 7. Karɓo ƙwallon boris wurin makanike, jingina katako kaɗan, wani yaro ya ɗauki bidiyo da waya, a riƙa tsayarwa ana sa alama. Amma kar ka ce za ka fitar da 9.8, wato ƙaruwar gudun abin da ke faɗowa ƙasa, daga nan, ƙwallon birgima take, wani ɓangare na ƙarfin ya tafi a juyi.

Tambayar da nake ajiyewa ƙarshe: a jefa lemo sama, daidai lokacin da ya kai ƙololuwa, nawa ne ƙaruwar gudunsa? Har masu ƙoƙarin cikinsu, cewa suke sifili. Sai in tambaye su, in gudu sifili ne kuma ba abin da ke canja shi, me zai hana lemon ya zauna a can? A ganina wannan tambayar ta fi shafi biyu na aikin gida amfani.

Ka rubuto min abin da naka suka amsa. A gaida uwargida da yara, mutanen gida duk suna gaishe ka.

Wassalam,
Naka amini