Amsa ga wanda ya tambaye ni game da shingen baƙin rami

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a cewa, idan duk abin da ke cikin sarari a rubuce yake a bangonsa kamar yadda ka'idar hologiram ta ce, ashe wanda ya faɗa baƙin rami (wurin nan a sararin samaniya da tsananin nauyinsa ke hana komai fitowa) zai iya aiko mana da saƙo ke nan, shingen da ko haske ba ya tsallakowa ya zama na banza? Ba zai iya ba, kuma ka'idar ce da kanta ta hana.

Tsakanin 1972 da 1974, masana kimiyyar fiziks Bekenstein da Hawking suka gano cewa yawan bayanin da baƙin rami ke ɗauka faɗin shingensa yake bi, ba girman cikinsa ba. A 1997 Juan Maldacena ya kawo misali tsayayye: ka'idar nauyi a cikin wani lanƙwasasshen sarari, da ka'idar kwantam (wato ta ƙananan ƙwayoyin halitta) marar nauyi a bangon sararin, abu guda ne aka bayyana ta fuska biyu. To, a bangon babu abin da ke wuce haske gudu. Dole ke nan kada a samu hanyar ratse ta ciki, in ba haka ba sakamako zai riga sanadinsa zuwa. Gao da Wald sun nuna haka a 2000: muddin makamashi bai yi ƙasa da sifili a kan hanyar haske ba, hasken da ya kutsa ta ciki ba zai riga wanda ya bi bango isa ba.

Inda tambayarka ke da ƙarfi shi ne aikin Ryu da Takayanagi na 2006. Sun auna sarƙewar kwantam (wato yadda ƙwayoyin wani wuri ke ɗaure da na wani) ta wani yankin bango da faɗin wata shimfiɗa a cikin sararin, kuma daga baya aka ga shimfiɗar kan leƙa har bayan shingen. Lallai bangon na riƙe da labarin ciki. Sai dai a 2014 Headrick, Hubeny, Lawrence da Rangamani suka tabbatar cewa shimfiɗar na zaune ne inda saƙo daga yankin ba ya kaiwa, nata ma ba ya isowa gare shi. Bayanin yana nan, amma wanda ke ciki ba shi da ikon motsa shi yadda za ka gani a waje.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ma shingen ne kansa. Ba a sanin inda yake sai an san duk abin da zai faru nan gaba, domin iyaka ce ta hasken da ba zai taɓa kuɓuta ba har abada. Shi ya sa yake fara faɗaɗa tun kafin tauraro ya faɗa ciki. Wannan bai saɓa wa sanadi ba, don babu na'urar da za ta gane shingen a lokacin da take ratsa shi, balle ta karanto gobe daga gare shi.

Na gode da tambayar. Wassalam.