Rahoton Ayyukan Shekara ta 2024: Aikinmu kan Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Jami'ar Wisconsin

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayenmu, malamanmu, 'yan uwa maza da mata mazauna Madison da kewaye, kwamitin gudanarwa na gaishe ku, tare da gode wa Allah da Ya kawo mu ƙarshen wata shekarar lafiya. Ayyukanmu na kullum sun gudana yadda aka saba. An yi buɗe-baki tare a watan azumi, an yi taron sallah ƙarama da babba, an tarbi sababbin ɗalibai a watan Agusta, an kuma tara musu rigunan sanyi kafin ƙanƙara ta sauka. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi daban. Kaso mafi tsoka na wannan rahoto zai tafi ne kan aikin da babban taro ya ɗora mana, wato tattara tarihin Badgers, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Wisconsin da ke nan Madison, a rubuta shi da Hausa.

Wasu sun tambaya tun farko, me ya haɗa mu da wannan wasa? Iyaye mata ne suka ba da amsa. 'Ya'yanmu a nan suke tashi, ranar Asabar gari kan koma ja wur, launin ƙungiyar, abokansu na makaranta ba su da hirar da ta wuce wasan, wasu yaran ma sun fara roƙon a bar su su shiga ƙungiyar makarantarsu. Uba bai isa ya ce i ko a'a kan abin da bai sani ba. Sannan jami'ar nan ta daɗe tana koyar da Hausa, don haka bai dace a ce babu ko shafi ɗaya da harshenmu kan abin da ya fi tara mata jama'a ba.

Mun fara da zaman koyon ƙa'idoji. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6 ne, buga ta tsakanin turaku maki 3. Da wannan ya zauna, sai kwamitin tarihi ya shiga aikinsa, ga kuma taƙaitaccen abin da ya tattaro.

An fara wasan a jami'ar a 1889, kuma wasanni biyun da aka buga a shekarar duk an sha kashi. A 1890 aka fara karawa da Minnesota, hamayyar da ta fi kowace yawan wasanni a babban rukunin jami'o'in Amurka. Tun 1948 wanda ya ci yakan tafi da wani ƙaton gatari, ya riƙe shi har shekara ta zagayo. Wisconsin na cikin jami'o'in da suka kafa gasar da ake kira Big Ten a yau, a 1896, ta kuma lashe ta a shekarar farko, sannan a 1897, 1901, 1906 da 1912. Daga nan aka yi shekara arba'in ba a sake ɗaukar kofin ba.

Filin Camp Randall, wanda da yawanmu muke wucewa ta gefensa kullum, sansanin soja ne a asali. Sama da sojoji 70,000 aka horar a wurin lokacin yaƙin basasar Amurka, sunan kuma na gwamnan jihar ne na wancan zamani, Alexander Randall. A 1917 aka gina filin wasan, yanzu yana ɗaukar mutum kusan 76,000. Mun kai yara su ga ƙofar tunawa da sojojin da ke gefen filin, kuma a nan ne wasu manya suka fara ɗaukar aikin da muhimmanci.

Ƙungiyar 1942 ta yi ƙarfi sosai, wasa ɗaya kawai ta rasa, amma yaƙin duniya na biyu ya watsa ta. Tauraronta Dave Schreiner ya mutu a Okinawa a 1945. Bayan yaƙin sai ga Alan Ameche, ɗan baƙi 'yan Italiya daga garin Kenosha, wanda ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 1954. Jim kaɗan bayansa Sidney Williams, baƙar fata daga Little Rock, ya zama jagoran kai hari na ƙungiyar daga 1956 zuwa 1958, a zamanin da ake hana baƙaƙe wannan matsayi a kusan ko'ina. Matasanmu sun daɗe a kan labarinsa, kuma sun nemi a faɗaɗa shi a rubutu na gaba. Mun amince. Sau uku ƙungiyar ta je Rose Bowl, babban wasan ƙarshen kaka da ake bugawa a Kalifoniya, a wannan zamani, a 1953, 1960 da 1963, duk ba ta ci ba. Na 1963 ne ake yawan tunawa: jami'ar USC ta Kalifoniya na gaba da 42 da 14, Wisconsin ta taso har aka tashi 42 da 37.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. A 1967 da 1968 ba a ci wasa ko ɗaya ba, sai da aka jera wasanni 23 babu nasara kafin a doke Iowa a 1969. Koci Dave McClain ya ɗan farfaɗo da ƙungiyar, har ta kayar da Michigan, wadda ke matsayi na ɗaya a ƙasar, a 1981, sai ya rasu kwatsam a 1986. Wanda aka ɗauko daga baya ya ci wasa 6 kacal cikin shekara uku. Kujeru suka zama wayam, sashen wasanni ya faɗa bashin sama da dala miliyan 2.

A nan ne kwamiti ya fi daɗewa, domin a ganinmu nan ne zuciyar tarihin. Shugabar jami'a ta lokacin, Donna Shalala, ta kira Pat Richter, tsohon ɗan wasan 1963 ɗin nan, ta damƙa masa sashen wasanni. Shi kuma ya ɗauko Barry Alvarez daga jami'ar Notre Dame ya zama koci a 1990. A kakarsa ta farko Alvarez ya ci wasa ɗaya, ya rasa goma, amma ba a kore shi ba. Ya duba jihar ya ga ba ta da yawan yara masu gudun tsiya kamar Florida ko Texas, abin da take da shi ƙarti ne majiya ƙarfi daga ƙauyuka da ƙananan garuruwa. Sai ya gina wasansa a kansu: su tsaya a sahun gaba su buɗe hanya, mai gudu da ƙwallo ya bi ta tsakiya, a yi ta maimaitawa har abokan karawa su gaji. Ya hana manyan jami'o'in maƙwabta kwashe yaran jihar, ya kuma buɗe ƙofa ga waɗanda suka zo ba tare da tallafin karatu ba su gwada sa'arsu. A 1993, kaka ta huɗu, suka tabbatar da zuwa Rose Bowl bayan doke Michigan State a wasan da aka buga a Tokyo, sannan a Rose Bowl ɗin suka ci jami'ar UCLA 21 da 16 ranar 1 ga Janairun 1994. Suka ƙara cin Rose Bowl a 1999 da 2000, lokacin Ron Dayne, wanda ya ci Heisman a 1999. Alvarez ya sauka bayan kakar 2005.

Akwai abin da muka ƙi tsallakewa. A ƙarshen Oktoban 1993, bayan an doke Michigan 13 da 10, ɗalibai suka yi tururuwa zuwa fili, aka danne na gaba a jikin shinge, sama da mutum 70 suka ji rauni. Allah Ya kiyaye babu wanda ya mutu. Muna tuna wa matasanmu masu shiga ɓangaren ɗalibai da wannan, musamman lokacin tsalle-tsallen da ake yi kafin kashi na huɗu na wasa.

Tsarin Alvarez ya daɗe bayansa. Magajinsa Bret Bielema ya lashe Big Ten a 2010, 2011 da 2012, ko da yake Rose Bowl ukun da suka biyo baya duk an rasa su. J.J. Watt, wanda ya zama ɗaya daga manyan masu tsaro a NFL, gasar ƙwararru ta Amurka, ba da tallafin karatu ya shigo ƙungiyar ba. Haka Dare Ogunbowale, ɗan Milwaukee da mahaifinsa ya fito daga Najeriya, shi ma daga baya ya samu shiga NFL. Melvin Gordon ya yi gudun yadi 408 a wasa ɗaya da Nebraska a 2014, kuma a 2017, ƙarƙashin Paul Chryst, an ci wasa 13 an rasa ɗaya.

Kakar bana kuwa mun gan ta da idonmu, domin mun shirya kallo tare a gidajen mambobi, wasu kuma suka je fili. Kun san taron ranar wasa a garin nan giya da naman alade ne suka fi yawa a cikinsa, shi ya sa muka kafa namu da tsire, masa da shayi, ana tsayawa a yi salla in lokaci ya yi. Maƙwabta da ba Hausawa ba sun zo sun ci tare da mu, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi faranta wa kwamiti rai. Sakamakon dai bai yi kyau ba. An sallami Chryst a Oktoban 2022, aka ɗauko Luke Fickell daga Cincinnati, aka koma salon yawan jefa ƙwallo. A 2024 Alabama ta zo Camp Randall ta ci 42 da 10, aka rasa wasanni biyar na ƙarshe a jere, har da 24 da 7 a hannun Minnesota, gatari ya koma can. An gama da nasara 5 da rashin nasara 7, karo na farko tun 2001 da rashin nasara ya rinjaya, aka kuma katse shekara 22 ana zuwa wasan ƙarshen kaka. Gaskiya ne zamani ya canja: tun 2021 'yan wasa na samun kuɗi da sunansu, suna sauya jami'a cikin sauƙi, Big Ten kuma ta kai jami'o'i 18. Duk da haka, ra'ayin mafi yawan kwamiti shi ne an yi gaggawar sakin tsarin da ya yi shekara talatin yana aiki. Wasu matasa ba su yarda ba, sun ce wanda bai canja ba za a bar shi a baya, kuma mun rubuta ra'ayinsu a cikin kundin.

Zaman da ya fi nauyi shi ne wanda aka yi da iyaye kan lafiyar yara. Mun kawo labarin Chris Borland, gwarzon mai tsaro a Wisconsin, wanda ya buga kaka ɗaya tak a NFL da San Francisco 49ers ya ajiye wasan a 2015 yana ɗan shekara 24, saboda tsoron illar da yawan buguwar kai ke yi wa ƙwaƙwalwa. Ƙungiyarmu ba za ta yanke wa kowane gida hukunci ba. Shawararmu ita ce ƙananan yara su fara da nau'in da ake cire tuta daga ƙugu maimakon kayar da mutum, kuma duk uban da ɗansa zai shiga ƙungiyar sakandare ya je ya tambayi koci abin da suke yi idan yaro ya bugu a kai. Yaron da ya yi kukan jiri ko ciwon kai bayan wasa a kai shi wurin likita, kada a ce masa ya daure.

Rubutun ya kai ƙarshen zamanin Alvarez, saura daga 2006 zuwa yau, sai kuma gyaran ƙa'idar rubutu. Muna neman masu sa kai daga cikin ɗalibai don wannan, da waɗanda za su karanta shi a naɗi murya saboda iyayenmu da karatun boko ke yi wa wuya. Za a tura kwafin abin da aka kammala ta zauren WhatsApp na ƙungiya kafin babban taro, domin kowa ya duba ya kawo gyara. A taron ne kuma za a yanke ko za a sayi tikitin rukuni na wasa ɗaya a kaka mai zuwa, da yadda za a raba kuɗin tsakanin ƙungiya da iyalai.

Allah Ya saka wa duk waɗanda suka buɗe mana gidajensu da waɗanda suka yi girki da alheri.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa