Wasiƙa daga Bronx, birnin New York na Amurka, zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da Inna da sauran mutanen gida. Ni dai alhamdu lillahi, sai sanyi, shi ma an fara sabawa.

Na turo dala 300 ta hannun mai canjin nan da ka sani. Dala 200 kuɗin makarantar Auta ne, sauran na maganin Inna. Don Allah kada a taɓa na makarantar, ko da bikin nan ya matso.

Labarin da ya iso mini cewa Auta yana son ajiye karatu ya bi abokansa Agadas ya hana ni barci, saboda haka ka zaunar da shi ka karanta masa wannan. Wata uku da suka wuce, ina cikin tasi da daddare ina jiran fasinja, na ji wani dattijo a rediyo yana magana kamar mai wa'azi, har wani ya ƙwanƙwasa gilashi ban ji ba. Sunansa Cornel West, malamin jami'a ne baƙar fata da aka haifa a garin Tulsa na Amurka a 1953, jikan wani fasto, ya shiga jami'ar Harvard yana ɗan shekara 17, ya kuma yi digirin digirgir a Princeton a 1980.

Daga baya na je wani taro a unguwar Harlem na gan shi ido da ido, da baƙar kwat ɗinsa da sumarsa buzu-buzu, yana kiran kowa ɗan'uwa, har wanda ya tashi don ya yi masa gardama. Wannan mutum bai ƙyale Obama ba, duk da fatarsu ɗaya, ya soke shi kan jirage marasa matuƙa da kuma kusancinsa da attajiran Wall Street, kuma a 2014 an kama shi a garin Ferguson yana zanga-zanga kan wani saurayi baƙar fata da ɗan sanda ya harbe. Ni da nake sunkuyar da kai idan fasinja ya zage ni, ranar na koma ɗaki jikina a sanyaye, domin karatu ne ya ba shi bakin magana.

Ba duk abin da yake faɗa na yarda da shi ba, kuma ka kwantar wa Inna da hankali, ban shiga siyasar kowa ba. Na san ni na fara barin makaranta a gidanmu, shi ya sa nake jin nauyin yi wa Auta faɗa da bakina.

Ka kai kuɗin makarantar da hannunka, kada ka ba shi ya kai, sannan ka turo mini hoton rasit ta WhatsApp.

Naka,
Ƙaninka